SARKIN KANO MUHAMMADU RUMFA DA KAFUWAR KASUWAR KURMI

Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan Kano, in an faro lissafi daga Bagauda. Uwarsa Fadimatu mutuniyar Rano ce. Ya ci sarauta cikin shekara ta 1463, ya rasu cikin 1499, watau daga 867 zuwa 904 ta Hijira, shekara 37 ke nan bisa lissafin wata. Sarakuna da yawa sun hau gadon Kano, waɗansu sun fi shi yaƙi, waɗansu sun fi shi daɗewa, amma babu wanda ya bar wa birnin kamannin da shi ya bar masa. Gidan sarauta da sunansa a ke kiransa, kasuwar da ke tsakiyar birni shi ya kafa ta, filin Idi shi ya fara fita. Labarinsa kuwa ya cancanci ma'aikata su san shi, domin a cikinsa a ke ganin abin da ke raya kasuwa, da abin da ke kashe ta.

KANO KAFIN RUMFA

Asalin Kano ƙaramin gari ne a gindin dutsen Dala, inda maƙera suka zauna sabo da tama. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya juya shi da Turanci cikin 1908, ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ta. Zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, su kuwa mutane ne masu karatu da fatauci. Zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452), kakan Rumfa, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, shi ne kuma farkon sarkin da ya mallaki raƙuma a ƙasar Hausa. Zamanin Yakubu, uban Rumfa, Filani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na nahawu, gishirin Asbin ya yawaita, Barebari da Larabawa suka riƙa shigowa, waɗansu suka zauna.

Sabo da haka sa'ad da Rumfa ya hau gado, ya tarar da gari ya cika ya batse. Baƙi sun yi yawa, kaya sun yi yawa, tsohuwar ganuwa ta yi wa mutane kaɗan. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne cinikin garin ba a hannun sarki ya ke ba.

DAGACI DA KASUWAR KARABKA

Tun zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438) wani babban ɗan sarauta ya taso daga Barno da jama'a mai yawa, da tambura, da tutoci, ya sauka Kano. Aka karɓe shi da girma, aka ba shi mazauni, a ke ce da shi Dagaci. Sarki ya yarda da shi ƙwarai, har in zai fita yaƙi ya kan bar masa riƙon gari. Sannu a hankali Dagaci ya tara dukiya ba iyaka, ya giggina gidaje jere da nasa, ya kafa kasuwa wadda a ke kira Karabka.

Ko wane mai hankali ya san inda kasuwa ta ke, nan dukiya ta ke taruwa, inda dukiya ta taru kuwa, nan mutane su ke kai gaisuwa. Ga baƙo ya zama uban fatake, ga ƙasar da ya fito, watau Barno, ita ce mai ƙarfi a wannan zamani. In aka bar al'amari haka, sarki ya zama sarkin suna, gari yana da kai biyu. Rumfa bai ja daga da Dagaci ba, bai kore shi ba, bai rushe masa kasuwa ba. Sai ya ɗauki hanyar da ta fi tsawo, ta kuma fi ƙarko, ya sake wa birni tsari gaba ɗaya.

GANUWA DA GIDAN SARAUTA

Sarakunan da suka gabace shi a kusa da Dala su ke zaune, cikin cunkoson tsofaffin unguwanni da tsofaffin gidajen tsafi. Rumfa ya fita daga nan, ya zaɓi fili a kudu maso gabas da tsohon gari, ya gina sabon gida. An ce kafin a gama ginin a Gidan Makama ya zauna, gidan da daga baya ya zama makaranta, yanzu kuma gidan ajiye kayan tarihi ne. Masana suna sa ginin Gidan Rumfa wajen shekara ta 1480. Faɗinsa kimanin eka 33 ne, an kewaye shi da katanga mai tsawo, cikinsa da zauruka, da soraye, da sassan iyali, da filayen itatuwa. Gari ne cikin gari.

Sa'an nan ya ƙara ganuwa domin ta rufe sabon gidan da filayen da ke kewaye da shi. Aikin ya tashi daga Ƙofar Dagaci, ya bi ta Ƙofar Mata, da Ƙofar Gyartawasa, da Ƙofar Kawaye, da Ƙofar Na'isa, har ya kai Kansakali. Ba domin gidaje kaɗai aka yi wannan ƙari ba. An bar gonaki da makiyaya da kududdufai a ciki, domin in abokan gaba sun kewaye gari, mutane su sami abinci da ruwa, talakawan ƙauye su sami mafaka da dabbobinsu, ayari kuma ya sami wurin sauke kaya. Bafatake ba ya kai dukiyarsa inda ba zai yi barci da ido biyu rufe ba. Ganuwa ita ce alkawarin farko da sarki ya yi wa fatake.

Ƙofofin ma ba hanyar shiga kaɗai ba ne. Ko wace ƙofa da sarkinta, shi ke rufe ta da dare, ya buɗe da safe, shi ke sanin wanda ya shiga da abin da ya ɗauko. Da haka labarin ko wane ayari ke isa fada kafin raƙumansa su gurfana.

YADDA MAGINA SU KE AIKI

Duk wannan gini da ƙasa aka yi shi. Magina su kan haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa, a cura tubali da hannu, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya a rana. In ya bushe sai a jera shi tsaye, a cika tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa wadda aka tattake da ciyawa, aka bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki. Bango ya kan fara da kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa, shi ya sa ya ke ɗaukar nauyin kansa. Rufi kuwa da azara a ke yi, watau tsagin itacen giginya, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa 6, sabo da haka magina suka koyi tura ta daki-daki daga bango, wata bisa wata, har ƙarnukan baya suka kai ga bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda su ke rufe babban soro ba ginshiƙi a tsakiya. Daga waje a kan shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, rufi kuma da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina. A sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango, a ɗora zankwaye a kusurwoyi.

Ramukan da aka haƙi ƙasa su ne suka zama kududdufan birni. Ginin ƙasa kuwa yana da sharaɗi guda, ba ya yafe sakaci. Ko wace shekara in damina ta wuce sai an bi shi da yaɓe, in ba haka ba ya zube. Don haka a kan raba ganuwa kashi-kashi, ko wane hakimi da rabonsa, ya kawo mutanensa su gyara da rani. Wanda ya ga ganuwa a tsaye, ya san mulki na tsaye.

KASUWAR KURMI

Tsakanin tsohon gari na Dala da sabon gidan sarki akwai wani kwari mai duhuwar itatuwa da fadama, inda ruwan Jakara ke kwanciya. Mutanen dā suna jin tsoron wurin, suna girmama shi sabo da al'adun tsafi. Nan Rumfa ya sa aka sare, aka share, aka kafa kasuwa. Sunan wurin bai ɓace ba, shi ya sa har yau a ke ce da ita Kasuwar Kurmi.

Zaɓen wurin ba na banza ba ne. Ga ruwa kusa domin mutane da dabbobi. Ga shi tsakiyar birni, hanyoyin ƙofofi suna haɗuwa a nan, mai zuwa daga Barno da mai zuwa daga Asbin da mai zuwa daga Gwanja duk wuri guda za su sauke. Ga shi kuma a tsakanin tsofaffin 'yan gari da fada, ba a ƙofar wani mai dukiya ba. Ba da faɗa ba, ba da zub da jini ba, ciniki ya tashi daga inuwar Dagaci ya koma inuwar sarki.

Daga arewa raƙuma ke kawo gishiri da kayan Larabawa, daga gabas kanwa da dawaki, daga kudu maso yamma goro. Kano kuma ta fitar da abin hannunta, saƙa da rini da jima da ƙira. Unguwanni suka tsiro kewaye da kasuwa bisa ga sana'a da asali, 'yan sana'a guda a wuri guda, baƙin ƙasa guda a wuri guda, ko wane baƙo da fatoman da zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Marinar Ƙofar Mata ma mutanen Kano daga shekara ta 1498 su ke lissafin kafuwarta, watau ƙarshen zamanin Rumfa. Ba a daɗe da rasuwarsa ba wani matafiyi mutumin Fas, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya bayyana Kano cikin littafinsa da aka buga a 1550, ya nuna gari ne mai ganuwa, mutanensa masu sana'a ne da attajirai.

ZUWAN SHEHU MAGILI

Wajen shekara ta 1492 wani babban malami ya iso Kano, Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, wanda ya taso daga Tuwat ya biyo ta Asbin. Rumfa ya karɓe shi hannu biyu. Bisa shawararsa aka sare itacen da a ke tsafi a gindinsa, aka gina hasumiya a wurin, aka kuma gina masallacin Jumma'a. Rumfa ne ya fara sallar Idi a Shadakoko. Da malamin zai tashi ya bar ɗansa Sidi Fari, zuriyarsa su ne Sharifan Kano, unguwarsu ba ta da nisa da kasuwa. Shi kuwa ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu.

Babbar gadon da ya bar wa Rumfa ita ce ɗan littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, sunansa Tajuddini. An buga fassararsa da Turanci cikin 1932. A ciki ya nuna wa sarki ya tsara mulkinsa da ma'aikata amintattu, masu rubutu da masu lissafi da alƙalai, ya riƙa bincika aikinsu da kansa, kada ya karɓi dukiya sai ta hanyar halal, kada ya kashe ta sai inda ta dace. Ya hana cin hanci, ya hana sayar da sarauta. Abin da ya fi nanatawa kuwa, kada sarki ya ɓuya daga talakawansa, domin daga nan ɓarna ke farawa. Wannan shi ne alkawari na biyu ga fatake. Ganuwa ta tsare su daga ɓarawon waje, shari'a ta tsare su daga na cikin gida.

TSARIN SARAUTA

Tarihi ya lissafa abubuwa 12 da Rumfa ya fara a Kano. Ban da gida da ganuwa da kasuwa da Idi, shi ya kafa majalisar da a ke kira Tara ta Kano, manyan 'yan majalisa 9 masu ba sarki shawara. Shi ya fara kakaki da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage. Shi ya fara ba babanni manyan sarautu, cikinsu har da Ma'aji da Sarkin Ƙofa. Dalili a fili ya ke. Mutumin da ba shi da 'ya'ya, ba shi da dangin da zai tara wa, ba zai mai da baitulmali gadon gidansu ba.

Ba dukan abin da ya fara ne ya zama alheri ga talakawa ba. Shi ya fara kulle, ya tara mata masu yawan gaske a gidansa, ya kuma fara al'adar kame, wadda a ke ɗauko 'yan mata daga gidajen iyayensu a kai fada. Cikin kayan da a ke sayarwa a kasuwarsa har da bayi, cinikin nan kuwa bai tsaya ba sai bayan 1903. A zamaninsa ne kuma aka fara yaƙi tsakanin Kano da Katsina, aka shekara 11 ana yi ba wanda ya rinjayi wani, gaba ce wadda ta daɗe bayansa. Duk da haka masu tarihi sun shaide shi da adalci da ilmi, sabo da yawan hulɗarsa da malamai da baƙin arewa har a ke masa laƙabi da Balaraben Sarki.

BAYAN RASUWARSA

Rumfa ya rasu cikin 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Ba a daɗe ba abin da ya hanga ya bayyana. Sarki Abdullahi yana wajen yaƙi, sai Dagacin wannan zamani ya shirya tawaye a cikin birni. Madaki Auwa, matar Rumfa, uwar sarki, ita ta riƙe gari har ɗanta ya komo. Aka tuɓe Dagaci, aka ba wani bawan sarki sarautar. Da a ce dukiyar gari tana hannunsa kamar dā, da labari ya sha bamban. Sarakunan da suka biyo baya aka riƙa kiransu Rumfawa, har zuwa hawan Kutumbi cikin 1623.

Kasuwar ta ga sarakuna iri-iri, sarki goma zamani goma. Zamanin Sharefa (1703 zuwa 1731) wuri ya shigo ƙasar Hausa, ciniki ya ƙara sauƙi, amma haraji ya ƙaru. Zamanin ɗansa Kumbari (1731 zuwa 1743) aka tsananta karɓar kuɗi a Kurmi domin biyan bukatun yaƙi, har kasuwa ta kusa mutuwa. Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Ganuwa na nan tsaye, rumfuna na nan, ba maƙiyin da ya shigo, amma kasuwa ta zama kufai, domin an karya alkawari na biyu.

Bayan jihadi, cikin 1807, mulki ya koma hannun Filani. Ba su sake wa birni tsari ba, suka shiga Gidan Rumfa suka zauna, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya ƙara masa Ƙofar Kudu. Yaƙe-yaƙe suka dami Katsina, fatake suka komo Kano. Cikin 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, Bature Clapperton ya ga kasuwar da idonsa. Ya tarar ko wane irin kaya da layinsa. Sarkin Kasuwa ke ba da hayar rumfuna wata-wata, kuɗin ya shiga taskar sarki, shi ke kuma daidaita farashi. In an sayar da riga ko turkudi a kan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin, in mai saye ya kai har Barno ya tarar da algus, sai ya aiko da kayan, a tilasta wa dillali ya mayar da kuɗi. Cikin 1851, zamanin Sarki Usman, Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙiyasta mazaunan birnin 30,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa ko wace shekara sun kai na wuri 300,000,000, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Amana ce ta jawo wannan, ba yawan rumfuna ba.

ABIN DA YA RAGE

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila suka ci Kano. Gwamna Lugga ya ba da labarin ganuwar, kewayenta mil 11, ƙofofinta 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40, ko da ya ke cikin wannan har da ƙarin da Sarki Muhammadu Nazaki ya yi bayan Rumfa. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso, cinikin gyaɗa ya tashi, kantuna suka tsiro a bayan ganuwa wajen tasha da Fagge da Sabon Gari. Ayarin raƙuma ya ragu, babban ciniki ya fita daga cikin birni. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka sake gina babban masallaci kusa da fada, aka gama cikin 1951. Mulkin En'e kansa ya ƙare cikin 1976, ƙananan hukumomi suka maye gurbinsa.

Ganuwa, da aka daina yi mata yaɓe, mafi yawanta ta zube, gidaje sun hau kanta. Amma Gidan Rumfa har yanzu shi ne gidan sarautar Kano, Kasuwar Kurmi kuma tana ci, dukawa da masu tufafi da 'yan koli da masu kayan yaji suna zaune a layukansu, shekara fiye da 500 bayan wanda ya kafa ta. Akwai kuma makaranta a Kano mai sunansa, Kwalejin Rumfa.

Wanda aka ba amanar kasuwa, ko ta birni ko ta ƙauye, ko mai karɓar kuɗin rumfa ne, ko mai duban mudu, ko mai rubuta rasit, ya dubi sarakunan nan biyu. Rumfa ya ba bafatake wurin kwana lafiya da wurin kai ƙara, fatake suka zo ba wanda ya kira su. Kumbari ya matsa musu, suka tafi ba wanda ya kore su. Allah ya jiƙan Muhammadu Rumfa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba masu riƙon amanar jama'a ikon riƙe ta da gaskiya, amin.